Iyaye mata sun san amfanin rigakafi, amma ba sa dawowa allurar wata tara. Ina mafita?

Anti Mai Kati ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibitin unguwa a nan Kano, teburin rigakafin yara ne a hannuna. Akwai abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya, na ce bari in kawo shi nan ko Allah zai sa a samu mai haska min hanya.

Duk wanda ya buɗe babban littafin da muke rubuta yara zai ga abin da nake nufi. Layin allurar haihuwa, wadda mata ke ce wa lamba, cike yake taf. Ta sati shida ma babu laifi, don ta faɗo daidai da fita arba'in. Za ka ga mai jego ta sha lalle, ta ɗauro sabon zanin goyo, ƙanwarta na biye da ita riƙe da jaka. Ta sati goma an fara zubewa. Ta sati sha huɗu sai giɓi ya bayyana. Kafin a kai ta wata tara, wato ta ƙyanda da shawara da sanƙarau, sai ka yi ta jan yatsa a kan layi kana wuce sunaye babu alamar biro. Ta wata sha biyar kuwa, ƙyanda ta biyu, sai wadda Allah ya nufa.

Ba don cika takarda nake wannan magana ba. Tun ƙarshen 2022 da mashaƙo ya ɓarke, Kano ce ta ɗauki kaso mafi yawa na masu cutar a duk ƙasar nan, kuma akasarin yaran da ta kama ba su samu allurar cinya guda ukun nan, ta sati shida da goma da sha huɗu, cikakku ba. Wanda ya taɓa ganin yaro wuyansa ya kumbura, farin abu ya rufe masa maƙogwaro yana jan numfashi da ƙyar, ba zai sake kallon giɓin littafin nan a matsayin ƙaramin abu ba.

To ga inda kaina ya ɗaure. Kowace safiyar rigakafi sai mun yi wa mata bayani kafin mu fara. Muna da hotuna, muna da waƙa, har tafi ake yi. Ki ɗauki kowace mace a kan bencin nan ki tambaye ta amfanin allurar wata tara, za ta ce miki tana kare yaro daga ƙyanda. Ke nan ba rashin sani ba ne. Kuma ba irin masu rufe mana ƙofa ba ne, tunda da ƙafarsu suka kawo jaririn tun farko. Idan na ci karo da ɗaya a gidan biki na tambaye ta, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Wallahi Anti ina nan tafe." Kuma na yarda har zuciyarta take faɗa.

A wani taron bita na ji ana cewa akwai fannin ilimi mai nazarin ɗabi'ar mutane, dalilin da ya sa mutum ke yin abu ko ya bari, kuma ana amfani da shi a harkar lafiya. Don Allah wanda ya san kan abin ya yi min bayani. Amma ina roƙon a ba ni abin da mace ɗaya mai biro da waya da littafi za ta iya, don babu wani kuɗi da aka ware min.

Malam Mai Nazari ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Anti, Allah ya saka da alheri. Kin riga kin gano babban abin da fannin nan ya tsaya a kai: tsakanin niyya da aikatawa akwai tafiya, kuma bayani niyya kawai yake ƙarfafawa, ba ya rage tafiyar.

Bari in kawo miki tsohon gwaji. A 1965 wani masani mai suna Howard Leventhal da abokan aikinsa suka raba wa ɗaliban jami'ar Yale a Amurka takardu a kan allurar tetanus. Wasu an ba su mai ban tsoro da hotunan marasa lafiya, wasu mai sassauci. Waɗanda aka tsorata sun fi cewa lallai za su je. Da aka duba daga baya, waɗanda aka bari da bayani kawai kusan 3 cikin 100 ne suka je. Amma akwai rukunin da aka haɗa musu da taswirar makaranta an zagaye asibitin da biro, aka rubuta lokutan da ake allurar, aka ce kowa ya duba jadawalinsa ya zaɓi lokacin da zai je. A cikinsu 28 cikin 100 suka je. Kuma fa ɗalibai ne da suka san inda asibitin yake. Taswirar ba ta koya musu komai ba, ta dai mayar da "zan je" ya koma "ran kaza, ƙarfe kaza, ta hanya kaza".

Yanzu dubi naki. Daga sati sha huɗu zuwa wata tara kusan wata shida ne. A farko duk sati huɗu mace na zuwa, ƙafa ta saba. Sai a ce mata ta tafi sai bayan rabin shekara, a rubuta wasu lambobi a kati, katin ya shige ƙasan akwati. Lambar nan ba ta manne da komai a rayuwarta. Ki ɗaura mata ranar a jikin abin da ba ya wuce ta. Yaron da aka haifa da babbar sallah, allurarsa ta wata tara cikin azumi za ta faɗo. Wanda aka haifa da Takutaha, tasa 'yan kwanaki bayan babbar sallah. Sannan kada ki tsaya a "ki dawo". Ki tambaye ta da bakinta: wa zai riƙe miki sauran yaran ranar? Da ƙafa za ki zo ko a adaidaita? Maigidan ya san ranar? Minti ɗaya ne, amma a nan ne za ki ji ainihin abin da zai hana ta.

Sai gwajin da ya fi kama da matsalarki. Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2019, sun yi shi da abokan aikinsu a ƙauyuka 134 a yankin Udaipur na jihar Rajasthan a Indiya, aka buga sakamakon a 2010. A ƙauyukan da ba a taɓa komai ba, yara 6 cikin 100 ne suka kammala rigakafi. Inda aka tabbatar mai allura na zuwa kowane wata a rana sananniya ba fashi, sai ya koma 18. Inda aka ƙara da ba uwa kilo ɗaya na irin waken da suke miya da shi a kowane zuwa, da saitin farantai idan ta kammala, sai ya kai 39. Abin lura, a wajen allurar farko rukuni biyun nan kusan kunnen doki suka yi. Waken bai jawo sababbin mutane sosai ba, riƙe waɗanda suka fara ya yi har suka kai ƙarshe. Dalilin a fili yake: wahalar zuwa yau ake shan ta, amfanin kuwa ciwo ne da ba za a gani ba wata rana. Ɗan abin hannu yana sa yau ɗin ma ta zama da riba.

A Saliyo kuma wata mai bincike, Anne Karing, ta gwada awarwaron roba mai launi da ake sa wa yaro a hannu, launin na nuna inda ya kai a rigakafi. Iyaye suka ƙara himma, don yanzu maƙwabta na gani. Mu da muka san nauyin "kada a ce" a garin nan, ba sai an yi mana dogon sharhi ba.

Ɗan Kwari ya rubuta:

Anti, ni ba ɗan boko ba ne sosai, yadi nake sayarwa, amma ni uba ne, kuma ina ganin ba a cika tambayar mu ba. Bari in faɗa miki yadda abin yake daga cikin gida.

Ranar da aka yi wa ɗiyata allurar cinya ta farko, babu wanda ya runtsa a gidan. Jiki zafi rau, cinya ta kumbura, da an taɓa ta sai ihu. Babu wanda ya gaya wa uwarta haka za ta faru. Mahaifiyata na ɗaki tana ji, da asuba ta kira ni ta ce, lafiyayyar yarinya kun kai an sa mata ciwo. Ki gaya min, wane ɗa ne zai tsaya musu da mahaifiyarsa a kan wannan? Sai da wani maƙwabcina ma'aikacin asibiti ya zaunar da ni ya ce zafin alama ce jiki na karɓar maganin, kwana ɗaya ko biyu zai sauka, sannan na samu abin faɗa mata. Da tun a asibiti aka faɗa, da rigimar ba ta taso ba.

Na biyu, allurar kyauta ce amma zuwan ba kyauta ba ne. Kuɗin adaidaita zuwa da dawowa. Matata na yin awara, ranar rigakafi babu ciniki, don tun safe za ta kama layi sai kusan azahar. Duk mun ɗauka. Amma ranar ta wata tara ta je, ta yi zaman, aka ce mata yara ba su kai a buɗe kwalba ba, ta dawo wani satin. Da ta koma kuma ta manta katin, aka yi mata faɗa a gaban mutane kamar ƙaramar yarinya. Ta dawo gida ta ce ita da wurin nan har abada. Ni na ɗauki yarinyar da kaina na kai ta wani wurin, na bar shago a hannun yaro. Maza nawa ne za su yi haka?

Ba ke nake nufi ba, Anti, yadda kika damu ya nuna ke ba haka kike ba. Amma kafin a yi nazarin halin matanmu, a ɗan yi nazarin halin teburin ma. Kuma in za ku kira waya, ku kira mu. Sau da yawa lambar da ke katin ma tamu ce, izinin fita da kuɗin mota daga wurinmu suke fitowa.

Baba Tsohon Sufabaiza ya rubuta:

'Yata, Allah ya yi miki albarka. Na yi aikin shan inna tun ana bin gida-gida da alli ana rubutu a jikin ƙofa har na yi ritaya, don haka bari tsoho ya sa baki.

Malam ya yi magana mai kyau, amma a yi hattara da ɗauko abin Indiya a dasa a Kano ba a duba ƙasar ba. Garin nan yana da tarihi da allura. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na IDH. Yara kusan 200 ne a gwajin, 11 suka rasu, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin jiha a 2009. Da jita-jita ta tashi a 2003 cewa ɗigon shan inna na hana haihuwa, ba a kan banza ta samu wurin zama ba. Jiha ta dakatar da rigakafin, ba a dawo ba sai Yulin 2004, bayan an samo maganin daga Indonesiya, ƙasar Musulmi. A shekarar ne Shugaba Obasanjo ya ɗiga wa 'yar Gwamna Shekarau maganin a bainar jama'a. Ki lura, ba wani sabon bayanin kimiyya ne ya buɗe ƙofofi ba. Daga ina maganin ya fito, wa ya fara ba nasa ɗan, wannan mutane suka duba.

Tambayar da aka fi yi mana a zaure ita ce: yarona na zazzaɓi sai na sayi magani, me ya sa wannan kaɗai kuke bina da shi har gida kyauta? Tambaya ce mai hankali. Ba mu samu sauƙi ba sai da aka fara kafa tebur a unguwa ana duba marasa lafiya, ana ba da maganin zazzaɓi da na tsutsar ciki da gishirin gudawa tare da ɗigon, aka kuma ɗauki matan unguwa su ne masu shiga gidaje. A kan hanyar nan muka rasa mutane. A Fabrairun 2013 aka harbe ma'aikatan rigakafi tara a garin nan, Allah ya jiƙansu da rahama. Yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar shan inna ta kama a jihar Kano a Sumaila ne, Yulin 2014, sannan a Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita.

Maganar kyauta kuwa, ina da ja. Mun raba sabulu, mun raba sukari da madara da alewa. Ya yi aiki, ban musa ba. Amma daga baya sai ga gidan da za a ce mana ba sabulu ba ɗigo. Har unguwa guda ta taɓa haɗa kai ta ce sai an gyara mata kwata ko an kawo taransifoma. Mutane suka fahimci mu ne ke da buƙata, yaran suka zama abin ciniki. Ke da ba ki da kasafi, kada ki fara abin da ba za ki iya ɗorewa a kai ba.

Abin da ba ya ƙarewa shi ne mutanen da kowace haihuwa ke bi ta hannunsu: ungozoma, wanzami, limamin da ya raɗa suna, mai unguwa. Masarauta ta daɗe da sa masu unguwanni rubuta jariran da aka haifa a yankinsu. Je ki gaishe da naku, ki tafi da sunayen waɗanda suka ɓace miki. Kuma ki bincika da kyau, wasu ba ɓacewa suka yi ba. Mai haihuwar fari da ta zo wankan gida wurin iyayenta, a wurinki za ta yi lamba da ta sati shida, sannan ta koma ɗakinta a Dorayi ko Hotoro. A littafinki ta gudu, alhali wataƙila tana can tana karɓa, wataƙila kuma ta tsaya don tana ganin katin na asibitinku ne kaɗai.

Malam Mai Nazari ya rubuta:

Baba, na karɓi gyara. Ƙari ɗaya kawai: an gwada ba iyaye mata ɗan kuɗin mota a nan kusa da mu, shirin ƙungiyar New Incentives a Katsina da Jigawa da Zamfara, kuma binciken da ya fito a 2020 ya nuna yaran da ake yi wa rigakafi sun ƙaru sosai. Bambancinsa da na shan inna, uwa ce ke zuwa asibiti da kanta, ba a bin ta gida ana lallashi. Amma wannan aikin masu kasafi ne, ba na Anti ba. Abin da Alhaji Ɗan Kwari ya faɗa ma yana cikin gwajin Indiya: daga 6 zuwa 18, babu kyautar komai, tabbacin samun allurar ne kawai.

Anti Mai Kati ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci.

Alhaji, maganarka ta fi tsaya min a rai, kuma zan faɗa maka abin da ke bayan labule, ba don in kare kowa ba. Kwalbar ƙyanda ta yara goma ce. Da an haɗa ta da ruwanta, awa shida ne iyakarta, abin da ya rage zubarwa ake yi. Ƙa'idar da aka koya mana ita ce a buɗe ko da yaro ɗaya ne ya zo. Amma ma'aikaci na tsoron a ce ya yi ɓarna, yana tsoron kada ta ƙare masa kafin a kawo wata, sai ya zaɓi ya adana kwalba ya sallami uwa. Asarar allurai tara ana ganinta a takarda a ƙarshen wata, asarar yaron da bai dawo ba babu inda ake rubuta ta da sunan kowa. Ashe mu ma irin lissafin da Malam ya ce iyaye na yi muke yi, na yau muke gani. Wannan zan kai shi gaban shugabar asibitinmu, don ba ni kaɗai ke zama a teburin ba. Faɗa a kan kati kuma ba shi da dalili ko kaɗan, sunan yaron na cikin littafi, a duba a rubuta sabo.

Zafin jiki muna ambatarsa, amma a cikin bayanin safe, lokacin da rabin matan ba su iso ba, sauran kuma yara na kuka a kunnensu. Zan mayar da shi bakin allura, ido da ido, in gaya mata abin da za ta gani da dare, da abin da za ta yi, da alamar da in ta gani ta dawo da shi nan take. Zan kuma ce ta faɗa wa maigidan da kakar yaron tun kafin zafin ya zo.

Baba, maganar wankan gida gaskiya ce, kuma ban taɓa jin an tambayi mace a teburinmu inda za ta koma bayan arba'in ba. Daga yanzu duk mai haihuwar fari sai na tambaye ta unguwar mijinta, in gaya mata asibitin da ya fi kusa da ita, in kuma tabbatar mata katin nan ko'ina a Najeriya yana aiki. A kan kyauta ina tare da kai, ba zan fara rabon abin da zai yanke ba. Amma na awarwaron nan ya shiga raina. Ko zaren ulu mai launi ne a jikin katin yaron da ya kammala, da kiran sunan uwarsa a gaban benci a yi mata barka, ina ganin zai yi tasiri, kuma bai fi ƙarfina ba.

Kiran waya ne ban san yadda zan yi da shi ba. Katin wayata ba zai ɗauki kowa ba, don haka zan fara da waɗanda allurar wata tara ta rage musu sati ɗaya. Alhaji, a matsayinka na ɗan kasuwa, wane lokaci ne namiji ya fi sauraron irin wannan kira, kuma kira ya fi ko saƙon murya ta WhatsApp?

Ɗan Kwari ya rubuta:

Kada ki kira da hantsi, Anti, lokacin ciniki ne, baƙuwar lamba ba ma ɗauka. Bayan isha'i ya fi, yana gida, matar na kusa, a take za su yanke magana. Saƙon murya ya fi rubutu don ba kowa ke karatu ba, amma ba kowa ke da data kullum ba, don haka wanda kika ga bai buɗe ba ki kira shi. Ki fara da sunan yaron, ki ce allurar wane ce ran Talata, a zo kafin ƙarfe goma, kuma za a yi masa ko shi kaɗai ne. In kin faɗi wannan na ƙarshen, to ki tabbata an yi.